Bututu Shida

Ran kasuwar Lahadi Mushe Sahabi ya tsaya rumfata a Bilbis,
ya ce 'yan makarantarsa za su yi wasan mazan jiya,
in ƙera musu garwa.
Na ce, ta ruwa ko ta kananzir?
Ya ce ta yaƙi, mai igwa,
wadda yaro biyu za su shiga su tura.

Ban tambayi kowa kamanninta ba.
Tun ina ɗan bakwai nake ɗauke da ita:
kaka Nomau ya sha zana mini ita a ƙasa
da tsinken sakace, in an ci tuwon dare.
"Nan igwa. Nan sarƙar ƙafa.
A kumatunta kuma bututu,
uku dama, uku hagu, gajeru kamar turmin yaji.
Su ba su kisa, ɗan nan. Hayaƙi suke tofarwa,
fari fat, ya fi kindirmo kauri.
Ka miƙa hannunka ka neme shi ka rasa."

Kwana tara ina bugun langalanga.
Na datsa salansar mataccen kamiyo gida shida,
na bi su da walda,
na cusa tsumma da busasshen kashin shanu, na gwada ashana.
Tsahara mai ƙosai ta yi tari har da hawaye,
ta zage ni, ta haɗa da wanda ya koya mini.

Mushe ya dawo da littafi a hammata.
Ya zagaya ta sau biyu. Ya cire tabarau, ya mayar.
"Arzika, hannunka ya yi.
Sai dai wannan ba tamu ba ce.
Wadda su kakanka suka bi,
rami guda gare ta a saman kai, ta nan hayaƙin ke fita.
Uku nan, uku can,"
ya ɗora yatsa a kan wani hoto mai dishi-dishi,
"ta Jamus ce."

Na ce kakana bai taɓa ƙarya ba, ko a cinikin albasa.
Ya ce, ni ma ban ce ya yi ba.

Daren nan barci ya ƙi ni.
Na fito tsakar gida na zauna bayan garwar,
inda sojan ƙasa yake tafiya.
Ba a ganin komai daga nan sai gindin ƙarfe.
Na rarrafa na koma gabanta,
na kwanta rub da ciki, na ɗaga kai.
Ɗaya, biyu, uku.
Ɗaya, biyu, uku.

Ashe nan ka kwanta, tsoho.

Sai na tuna shekara biyun da kake tsallakewa
kamar mai tsallake kwata,
daga "muka sauka jirgi" zuwa "muka ga dutsen Tawa".
Na tuna yatsun ƙafarka uku da ka ce gara ta cinye.
Na tuna dankalin turawa,
yadda kake ture akushin da bayan hannu
ba ka ce komai ba.
Kai ma ka iya tofa hayaƙi.
Shekara arba'in muna zaune cikinsa muna dariya.

Da safe na ɗauko kurfi da guduma
in ɓalle bututun, littafi ya huta.
Na sa bakin kurfin a kan waldar farko.
Na daɗe a haka.

Na aika ƙanena Ibro makaranta da saƙo:
garwa na nan yadda take.
A goge tutar da aka shafa mata.
A zaɓi yaro guda, siriri, mai manyan kunnuwa,
kada a ba shi bindiga, kada a ba shi magana.
Ya kwanta a gabanta kawai,
ya yi ta ƙirga
har hayaƙi ya rufe shi.